Auta Mai Walda da Jitocinsa

Ranar da Rediyo ya jiƙa wandonsa a tashar tasi, bai tsokani kowa ba. Ya sayi shayinsa a kofin roba, ya samu fasinja, wata dattijuwa da ta fito daga wajen likitan haƙori, kumatu a kumbure, auduga cike da baki. Ya buɗe mata ƙofa da ladabi, ya zagayo ya zauna, ya maƙale kofin a tsakanin cinyoyinsa kamar yadda ya saba, ya murɗa makulli. Abin da ya fito daga lasifikokin motar, ko maƙiyin kiɗa ba zai kira shi kiɗa ba. Wata siririyar ƙara ce mai kaifi, sai ka ce an taka wutsiyar kyanwa a cikin tankin ƙarfe. Rediyo ya zabura, gwiwarsa ta bugi sitiyari, kansa ya bugi rufin mota, shayin kuwa ya duba ko'ina ya zaɓi wurin da ya fi muni ya sauka.

Dattijuwar ba ta da halin magana. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta kama hanya a ƙasa tana dafe da kumatu. Direbobin tashar kuwa bakinsu lafiya lau yake.

"Haba dattijo, da ka yi magana ai da mun nuna maka banɗaki."

"A shekarunka, Rediyo? Jikoki na nan tafe fa!"

Mutumin da ya tsufa yana yi wa kowa ba'a a tashar nan, wanda aka laƙaba wa Rediyo saboda ba a taɓa jin ya yi shiru ba sai in barci ya kashe shi, ranar shi aka mayar abin dariya. Ya fizge fulash ɗin da aka bari soke a na'urar kiɗan motar. Ya san mai shi. Ƙanensa ne, Auta mai walda, wanda jiya da yamma ya zauna a motar yana gwada waƙarsa, ya tashi ya bar ƙarar a ƙure.

Ya shimfiɗa tsumman goge gilashi a cinya, ya tuƙa kai tsaye zuwa gidan Auta. Matar ƙanen ya tarar a tsakar gida tana shanya kayan makarantar 'yan biyunsu.

"Maman Biyu, ina mijinki? Yau da tsirkiyar jitarsa zan rataye shi."

"Yana shago, Yaya. Zauna in kawo maka ruwa."

"Na sha, ƙanwata. Wandona ma ya sha."

Ba ta yi dariya ba, ita da ko gaisuwarsa kan sa ta rufe baki da mayafi. Ta matse rigar da ke hannunta, ta sake matse ta, alhali ba sauran ruwa a jiki.

"Yaya, kunnensa ne."

"Kunnen wa?"

"Na ƙanenka. Buta za ta yi ta fito a kan wuta, yana zaune kusa da ita, ko gezau. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihunsa sai yaran sun taɓa shi. In na yi magana ta bayansa, da bango nake. Taka muryar yana ji, don mai kauri ce. Tawa da ta yaran ne suke ɓace masa. Injin yankan ƙarfe ya ci rabi da rana, ya dawo gida ya ɗora abin sauraron nan a kunne ya ƙure shi, ya ƙarasa sauran. Na yi magana ya ce ni ce nake magana a ciki-ciki. Kai ne babba. Ka gaya masa ya je asibiti, ya ajiye abin kunnen nan tun akwai abin da za a ceto."

Rediyo ya gyara tsumman cinyarsa. "Wannan ne aikin? Ni da baki? Ki ɗauka an gama."

Ya shiga mota, ya bi ta layin masu walda, ya hango ƙanensa durƙushe a kan wata ƙofa tartsatsi na tashi, ya taka mai ya wuce.

Tun suna yara haka rabon ya kasance: Rediyo ya kwashe maganar gidan duka, bai rage wa Auta ko ta gaisuwa ba. In baƙo ya tambayi Auta sunansa, Rediyo ne ke amsawa, har da ƙari. Mahaifinsu mai gyaran keke ne, kuma duk wayar birkin da ta ɓace a shagon, a jikin gwangwanin mai ake tsinto ta, Auta ya ɗaure ta a sanda yana tsinkewa a bayan gida. An doke shi a kan haka har aka gaji. Da ya tasa, tsohon ya kai shi wajen wani mai walda, ya ce tunda ƙarfe yake so, ga ƙarfe nan.

Ya kuwa iya. Rediyo, duk da bakinsa, bai taɓa kushe aikin Auta ba, don ƙofar da Auta ya ƙera ba ta sunkuyawa, tagarsa ba ta kuka, gadon da ya yi wa Rediyo yana nan yara sun yi tsalle a kai har sun girma sun bar shi. Gilashin ido yana sawa, don ido in ya sha hasken walda ba ya ɓoye fushinsa, ranar zai hana ka sakat. Kunne kuwa ba ya kai ƙara. Duk layin nan babu mai toshe kunne, kuma wanda ya fara, dariya za a yi masa a ce ya zama ɗan gayu. Haka Auta ya yi ta sunkuyawa a kan injin yana ihu tazarar taku ɗaya daga kansa, tun yana saurayi har gemunsa ya fara fari.

Jitar lantarki ta farko, ja, a shagon kayan gwanjo ya gan ta, rataye tsakanin dutsen guga da injin markaɗe. Ya kawo ta gida a naɗe cikin buhu kamar ya sato akuya. Gaskiya dai gaskiya ce, a wancan lokacin hannunsa na da daɗi. Da aka haifi 'yan biyu, ya ƙirƙiri wani ɗan kiɗa mai sanyi, ba baiti ba amshi, wanda in ya kaɗa sai yaran su yi luf. Ya ce zai ɗauke shi a kwamfuta, ya tace shi, ya ajiye musu. Rediyo ya ce waƙar da ba ta da baki ai gunaguni ne, amma ya ƙyale shi. Yanzu 'yan biyun suna tafiya makaranta da ƙafarsu, har sun kai shekarun da in ubansu ya fito da jita gaban ƙawaye sai su shige ɗaki, kiɗan kuwa har yau ana tacewa.

Abin ya lalace ne daga ranar da Auta ya ce jar jitar ta dushe. Ya ce sai ka ce an lulluɓe ta da bargo ake kaɗawa. Maimakon ya tambayi mutanen gidansa, sai ya shiga wata ƙungiya a waya, taron masu jita da ba su taɓa ganin fuskar juna ba, ya rubuta musu kukansa. Rediyo ya taɓa karɓar wayar ya karanta amsoshin, ya ce sai da ya wanke hannu bayan ya ajiye.

Wani ya ce laifin katako ne, katakon jar jitar mai nauyi ne, yana shanye sauti. Wani ya ce wancan jahili ne, katako ba ruwansa, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya shi ne komai. Na uku ya ce su duka biyun ba su san jita ba, igiyar da ke zuwa amfilifaya, akwatin ƙara sauti, ita ce, a nemi mai kan zinariya. Akwai wani mai kiran kansa Farfesa, wanda ke rubutu kamar yana karanta hukunci, ya ce duk wanda ya sayi jita ja dama ya nuna ba kiɗa ya zo yi ba. Suka bar Auta a gefe suka koma zagin juna. A cikinsu kaf babu wanda ya ji sautin jitar, kuma babu wanda ya ce masa, malam, wace sana'a kake yi?

Auta ya bi na katako, ya sayo baƙa. Ta yi masa daɗi na ɗan lokaci, ita ma ta shiga bargo. Ya bi na maganaɗisu, ya farke cikin baƙar da sukundireba ya sauya mata kayan ciki. Ya bi na igiya. Ya sauya tsirkiya har Maman Biyu ta fara shanya da tsofaffin. Daga ƙarshe ya sayo fara, wadda Farfesa ya rantse cewa kaifinta na yanka gilashi.

"Katako ne da waya aka shafa wa fenti," in ji Rediyo a tasha, ga duk mai son ji da wanda ba ya so. "Uku! Mutum mai hannu biyu! Ni da nake da mota ɗaya ban taɓa cewa ta dushe in sayo wata ba. In ta yi tari, ni ma in yi, mu ci gaba."

Da jitocin suka kasa, sai 'yan ƙungiyar suka ce matsalar wajen haɗa sauti ce, ya ɗaga siririn ɓangaren a kwamfuta har ya ji ya fito fes. Ya ɗaga. Bai fito ba. Ya ƙara ɗagawa. Kiɗan da ke sa jarirai barci ya koma abin da ke sa karnukan maƙwabta haushi. Sannan wani ya kawo shawarar da ta shigo da Rediyo cikin bala'in: wai mai haɗa sauti na ƙwarai ba ya yarda da ɗakinsa, sai ya kai aikin cikin mota ya saurara, don a mota mutane ke jin kiɗa. Auta ba shi da mota. Yana da yaya. Daga farar jitar nan ya daina saye-saye, ya koma wa tasin. Duk bayan 'yan kwanaki, in ya tashi aiki, sai ga shi da fulash a hannu, a rufe gilasai, a kashe inji, a zauna cikin zafi a sha azaba, ya ce na gode Yaya, ya tafi.

Dā Rediyo dariya yake yi wa wannan duka. Tun da Maman Biyu ta yi masa magana, sai abin ya koma ba shi ƙyama, har da kansa. Ya yi ta ɗaga zancen. Yau fasinjoji sun yi yawa, gobe taya ta yi faci. Duk sanda ya haɗu da ita sai ta dube shi, shi kuma ya ce, "Ina sane, ƙanwata, lokaci nake nema." Da ta daina dubansa, ta koma gaishe shi kanta a ƙasa, sai ya ga ba makawa, ya shirya ya je ɗakin kiɗan Auta.

Ɗakin asalinsa na ajiyar kaya ne, a ƙuryar gida. 'Yan ƙungiya sun ce a manna kwalin ƙwai a bango don ya kama amo, Auta kuwa ya je wajen mai sayar da ƙwai ya kwaso waɗanda aka yi amfani da su, da fasassun ƙwai busassu a jiki har da gashin kaza. Ya toshe tagar da tsohuwar katifar 'yan biyu, wadda ba sai an faɗi abin da ta sha ba. Fanka a kashe, don wai ƙararta na shiga ɗauka. Warin ƙarni, warin gumi, warin ƙonannen ƙarfe, duk sun haɗu sun yi aure a ciki. Kyankyasai sun samu gidaje masu ɗaki-ɗaki a cikin kwalin, suna leƙowa suna kaɗa gashin baki kamar masu haya da suka biya shekara. A tsakiyar wannan ƙazanta jitocin uku ke jingine, a goge tas, suna ƙyalli.

Auta na zaune ya ba ƙofa baya, abin sauraro a kunne, ƙarar na tsiyayowa har bakin ƙofa. Rediyo ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Sai da ya taɓa kafaɗarsa.

"A'a, Yaya! Yaushe ka shigo?"

"Tun ina saurayi. Auta, mutum ya mutu a ɗakin nan ne, ko kuwa shiri ake yi?"

"Zauna, ga bokiti."

Rediyo ya kifa bokitin ya zauna, yana numfashi ta baki. Ya shirya maganarsa tun a hanya, tsaf, har da inda zai sassauta murya. Ya dubi ƙanensa, ya ga yadda yake karkato da kai yana kallon leɓɓansa, abin da bai taɓa lura da shi ba, sai maganar ta maƙale. Abin da ya fito shi ne:

"Wannan farar ita ce mai yanka gilashin? Ka ara wa masu yin taga mana, ta fara ciyar da kanta."

Auta ya yi ɗan murmushi. "Ɗakin nan ba ya faɗin gaskiya, Yaya. Gobe in na tashi zan zo mota."

Wani kyankyaso ya faɗo daga rufi ya sauka a kafaɗar Rediyo. Bai tsaya sallama ba. A tsakar gida Maman Biyu ta ɗago kai, ya ɗaga mata hannu kamar mai cewa an fara, ya fice yana kakkaɓe riga.

Washegari da yamma ya ajiye motar a ƙarƙashin bishiyar da ke ƙarshen layin masu walda. Auta ya zo da rigar aikinsa mai huji-huji, wannan karon har da kwamfutar a hammata. Ya shiga gaba, ya rufe ƙofa, ya ɗaga gilashi.

"Bar min ko ɗan yatsa ɗaya na iska," in ji Rediyo.

"Iska na shigo da hayaniya."

"Tana kuma shigo da rai."

Auta ya soka fulash ya kunna. Kiɗan ya taso. Can ƙasa, in mutum ya daure, yana iya jiyo tsohon kiɗan nan mai sanyi, kamar mutumin kirki da aka tura cikin taron 'yan daba. A samansa kuwa wani tsiii ne mai shiga haƙori, duk sanda yatsa ya goga tsirkiya sai ka ji kamar ana kankare tukunya da cokali a cikin ƙwaƙwalwarka. Rediyo ya yamutsa fuska. Gumi ya gangaro ta bayan wuyansa. Auta ya tsayar, ya buɗe kwamfutar a cinya, ya taɓa wani abu, ya mayar a fulash, ya sake kunnawa. Ya sake tsayarwa, ya sake taɓawa. A karo na gaba Rediyo ya miƙa hannu ya kashe na'urar gaba ɗaya.

Shirun da ya biyo baya har daɗi ya yi masa. Daga nesa ana jiyo injin wani mai walda da bai tashi ba.

"Auta."

"Bai ƙare ba, Yaya, akwai inda..."

"Ya ƙare. Dube ni nan." Ya ɗaga murya, ya ware baki. "Jar jitar nan lafiyarta ƙalau. Baƙar ma lafiyarta ƙalau, kafin ka yi mata tiyata. Wancan Farfesan naku, in na gan shi a titi sai na hau kan dakali na bi ta kansa. Babu bargo a kan jita. Bargon a kunnenka yake. Buta na fito ba ka ji, 'ya'yanka na kira ba ka ji. Abin da kake ɗagawa a kwamfutar nan, kai ne ba ka jin sa, mu kuwa muna ji, wallahi muna ji, har fasinja ya guje ni saboda shi. Ka zauna a ɗaki mai warin mushe kana ƙona ɗan abin da ya rage maka, a kan kiɗan da yaran da aka yi wa shi sun kusa fin ka tsawo. Ka je asibiti. Ka ajiye abin kunnen nan. Matarka ta rame a kan maganar nan, ni kuma na gaji da kakkauce mata a hanya."

Ya tsaya yana haki. Tun da yake surutu a duniya, bai taɓa yin magana mai tsawon haka babu wasa a ciki ba, kuma bai ji daɗinta ba ko kaɗan. Ya jira ƙanensa ya yi fushi, ko ya buɗe ƙofa ya fita, ko ya sunkuyar da kai yadda yake yi tun suna yara.

Auta bai yi ko ɗaya ba. Ya goge allon kwamfutar da gefen hannun riga, ya gyara zama ya fuskanci yayansa sosai.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Na je asibitin, Yaya. Da farar nan ma ta dushe na je. Likita ya ce wanda ya tafi ya tafi, sauran kuma yana haɗa kaya. A shago yanzu da kunne a toshe nake aiki, duk layi na yi min dariya, da kana tsayawa maimakon ka taka mai ka wuce da ka gani. Ita ban gaya mata ba ne don washegari za ta kira dillali ya kwashe jitocin, ni kuma sai na gama kiɗan nan tun ina jin rabinsa. Kana tsammanin lasifikokinka na tsiya nake zuwa saurare? Fuskarka nake zuwa kallo. In ka yamutsa ta kamar ka taka kashin kare, na san kaifin ya yi yawa, in rage. Ranar da ta saki, aiki ya ƙare, in rataye abin kunnen. Abin da ya ja mana lokaci shi ne kai komai ma yamutsa masa fuska kake yi, ko ruwan sanyi aka ba ka. Bakinka dai tun muna yara bai taɓa tsinana min komai ba, don haka rufe shi, ka juyo nan, in sake kunnawa."